Aikin haƙar mai a teku: har yanzu ana ɗauka, ko na makara?

Mai Lantarki: Assalamu alaikum. Shekarata 27, ina da difloma a fannin lantarki, shekara huɗu ke nan ina kula da manyan janareto a wata masana'anta. Na ɗan tara kuɗi zan yi kwas ɗin BOSIET, wato horon kariya da tsira da rai ga masu aiki a teku, don neman aiki a rijiyoyin mai na cikin teku, sai abokina ya ce duniya ta juya wa mai baya, asara zan yi. Don Allah waɗanda suka san harkar, me ake ciki?

Tsohon Mai Walda: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Aikin bai mutu ba, amma farashin ganga ne ubangidansa. Tsakiyar 2014 ganga ta haura dala 100, ana rububinmu. Farkon 2016 ta faɗo ƙasa da dala 30. Ina hutu a gida, na ɗaure jaka, takalmin aiki na bakin ƙofa, sai ga imel layi uku: kwangilar jirgin ta ƙare. Shekara goma sha ɗaya ina tare da su, ko kira ba su yi ba. Ka sani, yawancinmu ba ma'aikatan babban kamfanin mai ba ne, 'yan kwangila ke ɗaukarmu, ranar da kwangila ta ƙare kai ma ka ƙare. Kwana 28 a ruwa, kwana 28 a gida, albashi mai tsoka, shi ke sa yara mantawa da ajiya. Ni ma na manta.

Injiniyar Na'urori: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai aikin ya koma ruwa mai zurfi. Ƙasar Guyana da ke Kudancin Amurka ba ta fitar da ko ganga ɗaya kafin Disambar 2019, yau jiragen FPSO, masu karɓar mai daga rijiyoyin teku su adana shi, su ne ke aiki a gaɓarta. An gano mai a tekun Namibiya a 2022, Shell kuma ta amince da aikin Bonga North, wani filin mai a tekun Najeriya, a ƙarshen 2024. Abin da ya ragu shi ne aikin ƙarfi. Bututun da a da ƙarti ke ɗaurawa da hannu, yanzu inji ke yi. A Norway akwai dandamalin haƙar mai na Oseberg H da ya fara aiki a 2018, ba mai kwana a kansa. Amma na'ura in ta tsaya mai lantarki ake nema, don haka sana'arka tana gefen da ake so, har a injinan cikin teku da ke samar da wuta daga iska, kodayake can takardar GWO, ta horon kariyar ma'aikatan wannan fanni, suke tambaya.

Tsohon Mai Walda: Na ƙara maka: BOSIET takardar kariya ce, ba ta ba da aiki, kuma shekara huɗu take yi ta mutu. Kada ka biya sai ka ga alamar kira, sannan ka tabbata cibiyar da za ka yi kwas ɗin tana da amincewar OPITO, ƙungiyar da ke tsara shi. Duk wakilin da ya ce kawo kuɗi ya saka sunanka, ɗan damfara ne.

Mai Lantarki: Na gode ƙwarai, Baba, na gode Hajiya. Saura ɗaya, da kunya: ban iya iyo ba.

Injiniyar Na'urori: Ni ma ban iya ba lokacin da na yi kwas ɗin. Za a ɗaure ka a kujera cikin gangar jikin helikwafta ta gwaji, a kifar da ita cikin ruwa, ka ture taga ka fito. Akwai masu ninƙaya a gefenka. Ka dai gaya wa malamin tun da safe.