Muhawara: a fara karɓar kuɗi ko a fara ceton rai?

Baban Walid: Salam jama'a. Ni dai a ganina duk asibitin da ya ce sai an ajiye kuɗi kafin a taɓa mara lafiya a emajensi zalunci yake yi. Daren jiya muka kai maƙwabcina ɗan acaɓa, mota ta kaɗe shi, jini na fita ta kunne, aka ce sai mun yanki kati mun ajiye difozit, haka muka tsaya a baranda muna ta buga wa 'yan uwa waya su turo, shi kuma yana kwance kan benci.

Anti Nas: Subhanallah, Allah ya ba shi lafiya. Amma Baban Walid ni a emajensi nake aiki wallahi abin ba haka kawai yake ba. Ruwan da za a ɗaura, safar hannu, zaren ɗinki, dukkansu da kuɗin da aka sayar ake sake saro su, in mutum goma suka tafi ba su biya ba na sha ɗaya zai tarar babu ko sirinji. Sau nawa mu ma'aikata muke karo-karo daga aljihunmu.

Malam Sani: Anti na ji ki, amma doka ce fa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, sashe na 20, ta hana a ƙi duba mai larurar gaggawa ko da wane dalili, tarar N100,000 ko ɗaurin wata shida. Wata dokar ta 2017 ma ta ce wanda aka harba a duba shi ba sai da takardar 'yan sanda ba.

Anti Nas: To wa zai biya Malam? Dokar 2014 ɗin nan dai ita ta ware kashi 5 cikin 100 na asusun BHCPF, wato asusun gwamnati na kula da lafiya a matakin farko, don gaggawa, ni ban taɓa ganinsa a kan tirena ba.

Yaya Habu: Ko nan Amurka tun 1986 dokar EMTALA, wato dokar kula da masu larurar gaggawa, ta tilasta a duba ka a emajensi ko ba ka da inshora, amma bayan an sallame ka bil zai biyo ka gida, mutane da yawa bashin asibiti ne ya durƙusar da su.

Baban Walid: Yaya Habu ai gara bil ya biyo ni gida ina da rai. A ɗaura masa ruwan tukuna, mu za mu yi ta biya ko da kaɗan-kaɗan ne. Yanzu ma leda biyu ta jini suke nema, don Allah mai rukunin O da ke kusa ya yi min magana.