Wai dole sai maci amana ya ga sakayya tun a duniya?

Sani: Jama'a, ina da ja kan maganar da ake yi cewa wanda ya ci amanar aboki ba ya mutuwa sai ya gani a ƙwaryarsa. Aminina ya ranci kuɗi a hannuna, ranar biya ya rantse bai san zancen ba. Na ce na bar shi da Allah. Shekara 4 ke nan, shi kullum gaba yake yi, ni har yau ban farfaɗo ba. Ina sakayyar?

Hajiya Rabi: Ƙanena, kai za ka sa wa Allah lokaci? Duba Suratu Ibrahim, aya ta 42. Allah bai gafala daga azzalumai ba, jinkirta musu yake yi zuwa ranar da idanu za su fito zuru-zuru. Lahira aka ambata, ba bana ko baɗi ba.

Malam Bala: Hajiya, a yi a hankali. Akwai hadisin Abu Bakrata a Tirmizi da Abu Dawud: babu zunubin da ya fi cancantar a gaggauta uƙubarsa a duniya kamar zalunci da yanke zumunta. Masu maganar ba su ƙirƙiro ta ba.

Hajiya Rabi: Na yarda, Malam. Amma ina aka ce Sani zai gani da idonsa? Ya san yadda mutumin yake kwana?

Auwal: Yaya Sani, kun rubuta? Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, Baƙara 282, kan rubuta bashi ta sauka.

Sani: Wa ke rubutu da amini, Auwal?

Auwal: Ai ga shi nan.

Malam Bala: Ni abin da ke damuna daban ne. Ka ce ka bar wa Allah, amma kullum kana leƙen ko ya faɗi. Sayyidina Abubakar ya rantse ba zai ƙara taimakon ɗan'uwansa Misɗahu ba, saboda ya sa baki a ƙazafin da aka yi wa Nana A'isha. Da aya ta 22 ta Suratun Nur ta sauka tana kira ga yafiya, sai ya mayar masa da abin da yake ba shi.

Hajiya Rabi: Kada a ɗora masa yafiya dole, Malam. Shura, aya ta 41: wanda ya nemi haƙƙinsa bayan an zalunce shi ba shi da laifi.

Sani: Yayansa na wurin ranar da na ba shi kuɗin. Kunya ce ta hana ni yi masa magana.

Auwal: Shekara 4 kana kunya? Kira shi yau.