Ƙanwata ta yanke ƙauna, ta daina shan maganin HIV

Assalamu alaikum. A wajen awon ciki aka gano ƙanwata na ɗauke da HIV, aka ɗora ta kan maganin ARV, ƙwaya ɗaya kullum. Jiya na tsinci robar maganin ƙarƙashin katifarta, ko buɗewa ba ta yi ba. Wai mutuwa ce, me za a jinkirta? Malamar asibiti ta nuna mata cewa in ta riƙe magani jaririn na iya zuwa ba cutar, amma ta bayan kunnenta maganar ta bi. Ni kuma nasihata kullum faɗa take komawa. Don Allah waɗanda suka taɓa jinyar mai irin wannan hali, da wace magana kuka fara? Ko in haɗa ta da wata mai cutar da ta haihu lafiya?