Musayar Waƙa: Maitama da Mpape, titi ne kawai a tsakani

Ɗan Mpape:
Salam 'yan'uwa, ga buɗin yau, amsa-amo "ba" ne, wanda ya isa ya shigo.

Daga kan tudun Mpape nake hange,
Fitilun Maitama ba su mutu ba.
Mu ke fasa dutsen da ake gininsu,
Ɗaki guda ba mu mallaka ba.
Bene uku a kulle sai maigadi,
Mai shi ko kwana bai yi ciki ba.
Jarka guda sai ka biya ɗan garuwa,
Ruwan Usuma bai hawo ba.

Baban Gwarinpa:
Yaro rage kukan nan haka,
Ba a taɓa rabon arziki a faranti ba.
Wa ya kira ka Abuja tun farko?
Gonar gidanku ba ta ƙare ba.
Mai hassada kullum yana hange,
Aikin gabansa bai gama ba.

'Yar Nyanya:
Baba da girmanka da furfurarka? to bismillah

Wa ke wanke motarka da safe,
In ba ɗan da kake kora ba?
Tun asuba nake tsaye a Mararaba,
Rana ta take ban kai AYA ba.
Dubu 70 ne mafi ƙarancin albashi,
Kuɗin mota bai bar komai ba.
Tun da aka cire tallafin mai a 2023,
Tukunyarmu ba ta ga nama ba.

Na Kubwa:
Allah ya ja kwana Anti! wallahi kin gama magana, duk wanda ya taɓa rataye a ƙofar bas a hanyar Keffi ya san gaskiya kika faɗa, Baba a nemi ruwa a sha.

Malam Mai Aruli:
Ma'ana ta yi kyau amma a yi hattara da kari. Ɗangon 2023 ɗin nan ku karanta shekarar da baki ku ji, ya zarce ɗan'uwansa nesa ba kusa ba. Kuma "ba" ai amsa-amon masu neman sauƙi ne, kowace korewa da shi take ƙarewa.

Na Kubwa:
Malam mutane na maganar yunwa kai kana ƙirga gaɓa? da Baba ya yi nasa gurgun baitin na faranti ai ba mu ji ka ba, ko don unguwarku ɗaya ne

Malam Mai Aruli:
Shi ma ya karye, na gani. Amma waƙa awo ce ɗana, in babu awo a kira ta zube mu huta.

Ɗiyar Gbagyi:
Na makara, sai yanzu aka kawo wuta na yi caji. Baba tambayarka nake so in amsa.

Ka ce wa ya kira mu Abuja,
Mu nan aka same mu, ba zuwa muka yi ba.
Kafin dokar Murtala ta 1976,
Doyarmu ba ta san kwalta ba.
An kwashe Wuse an kai Sabon Wuse,
Kushewar kakanni ba ta bi mu ba.
Yau 'yar mai ƙasa ke tallan itace,
A ƙofar get ɗin da ba za ta shiga ba.

Baban Gwarinpa:
'Yata ke kam ba da ke nake ba, hakkinku yana nan. Amma sauran ku ji:

Daga Legas aka taso mu a 1991,
Ban zo da jakar kuɗi ba.
Fansho nake bi ofis ofis,
Ban taɓa zagin mai bene ba.

'Yar Nyanya:
Ashe jirgi ɗaya ya kwaso mu,
Kake harbin wanda bai cuce ka ba!

Malam Mai Aruli:
Wannan ya fi zama a kunne, saura ɗango na biyu a rage masa.

Ɗan Mpape:
Malam tunda "ba" ta dame ka na sauya, ga "wa":

An kori acaba a 2006,
Aka bar talaka da sayyadar ƙafa yana tafowa.
Jan fenti a bango, gobe katafila,
Uwa da goyo tana tsintar kwano tana kukawa.
'Yan gudun hijira na Durumi a tanti,
Sakatariya na kusa, ba mai leƙowa.

Saura kai, tun ɗazu gyara kake ba ka ajiye ko baiti ɗaya ba. Muna jiran naka a kan Durumi, da karin da ka ga dama.

Na Kubwa:
"kukawa" kuma? ɗan'uwa ina bayanka amma wannan ka ba Malam ƙofa da kanka