Musayar waƙa: yadda Amurkawa suka amince da tsarin mulkinsu

Ɗan Gwale:
Salam jama'a, jiya ina karanta faman da Amurkawa suka sha kafin jihohinsu su yarda da kundin tsarin mulki, abin ya tsaya min a rai, ga nawa mai amsa ya amsa

A 1787 manya sun taru Filadelfiya,
Suka kulle ƙofa suka rubuta yarjejeniya,
Jihohi 13, sai 9 sun yarda za ta yi tafiya,
Delaware ta fara, ba wanda ya ce a'a ko ɗaya.

Hajara Damagaram:
Yaya ka tsallake George Mason na Birjiniya,
Ya ƙi sa hannu, ba girman kai ba ne ko fariya,
Takarda babu haƙƙin ɗan ƙasa, to ina kariya?
Patrick Henry, wani jigon adawa, na gudun shugaba ya rikiɗe sarki, su da suka kori na Birtaniya.

Malam Sani Kumasi:
Ƙanwata kin yi gaskiya amma ji ɗaya ɓangaren

Bashin yaƙin neman ƴanci ya taru, majalisa ba ikon haraji balle ta biya,
Magoya bayan kundin, Hamilton, Madison da Jay, suka duƙufa dare da safiya,
Maƙala 85 a jarida da sunan aro Publius don New York ta juya,
Ta amince da ƙuri'a 30 da 27, wallahi an sha wuya.

Hajara Damagaram:
To Malam ai Massachusetts ce ta nuna hanya,
A amince yanzu, gyara ya biyo baya,
Ƴan adawa sun faɗi ƙuri'a amma ba su ja da baya,
Madison ya kai gyare-gyaren gaban majalisa, 1791 guda 10 suka tsaya,
Addininka da bakinka da jaridarka, gwamnati ba ta da ikon murɗiya.

Baba Ilu:
Ƴaƴana duk na karanta Allah ya yi albarka, ni dai ga nawa

Akwai abin da har yau yake ci min zuciya,
Mutanen da aka kwasa daga Afirka da sarƙa a wuya,
Kundin ya ƙirga bawa uku bisa biyar na mutum ɗaya,
Don iyayengijinsu su ƙara kujeru, shi yana gona yana shan wuya,
Ya hana majalisar ƙasa soke safarar bayi kafin 1808, jirage na ta tafiya,
Shi Mason ɗin ma yana da bayi a gandunsa na Birjiniya,
Ba wanda ya je gonar taba ya tambaye su ko sun yarda da yarjejeniya.