Wane suna za mu raɗa wa siphonophore?

Jama'a, ina fassara wani darasi kan halittun teku, sai na cije a kalmar siphonophore. Asalinta Girkanci ne, ma'anarta mai ɗauke da bututu. Na rubuta haka, abokin aikina ya tambaya ko mai gyaran famfo nake nufi. Na goge.

Ga yadda abin yake. Ka gan shi a ruwa ka ɗauka dabba ɗaya ce, alhali taro ne na ƙananan jikuna da suka tsiro daga ƙwai guda, suna manne a jijiya ɗaya. Wasu iyo kaɗai suka iya, wasu harbi da dafi, wasu narka abinci su raba wa kowa, wasu haihuwa. Galibi wanda ya ɓalle ba ya kai labari. A 2020 an ɗauki hoton wani a yammacin Ostareliya, an ƙiyasta tsawonsa ya haura mita 45.

Na fara rubuta igiyar ruwa, sai na tuna raƙuman ruwa sun riga mu ɗaukar sunan.

Wata malamar kimiyya ta kawo carbin teku. Wallahi siffar ta dace, ƙwayoyi jere a zare ɗaya. Amma ƙwayoyin carbi duk aikinsu ɗaya ne, kuma raina bai kwanta da a ba abin da ke harbi sunan abin tasbihi ba.

Ni dai ayarin teku nake so. A ayari akwai madugu a gaba, kowa da aikinsa, tafiya ɗaya. Irin da ake kira Physalia ma yana da jaka mai iska da ke yawo a saman ruwa kamar balan-balan shuɗi, sauran na biye a ƙasa. Sannan ayari da lokacinsa yake zuwa, kamar na gishirin Bilma. A gaɓar birnin Sidni na Ostareliya, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin zafinsu, iskar arewa maso gabas ke koro su rairayi da yawa har masu wanka su sha harbi.

Malamar ta ce, "Ranka ya daɗe, ai fatake kowa da uwarsa, waɗannan kuwa ƙwai ɗaya ne." Gaskiyarta, nan sunan ya gaza. Duk da haka na bar ayarin teku a darasin, na sa sifonofo a gefensa saboda masu jarrabawa.