Ummi za ta shiga gasa, me za ta karanta a kan Indiya?

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema don Allah. An zaɓi Ummi cikin masu wakiltar makarantarsu a gasar kacici-kacici, saura mako uku. An ce za a taɓo tarihi da labarin ƙasa da adabi da kimiyya na duniya, kuma akwai zagaye guda sukutum a kan Indiya. Na saya mata wani ɗan littafin tambaya da amsa a bakin kasuwa, tun shekaranjiya take ta hadda, amma da na juya mata tambaya ɗaya sai ta tsaya tana kallon silin. Yaya za mu yi?

Ɗanliti: Wa alaikumus salam. Hajiya ki turo min ita kawai. Shekara talatin ina kallon fim ɗin Indiya, babu lungun da ban sani ba.

Anti Bilki: To malamin Indiya, ina ne babban birninta?

Ɗanliti: Bombay mana.

Anti Bilki: Kin ji ko, Maman Ummi? Kada ki kuskura ki kai masa yarinyar nan. New Delhi ce. Bombay ɗin ma tun 1995 sunanta Mumbai. Kafin Delhi kuwa Kalkata ce mazaunin gwamnatin Turawa, sai a 1911 aka yi shelar sauya wuri. Ɗauko ɗan littafin nan ki duba mana, jihohi nawa ya ce Indiya tana da su?

Maman Ummi: Ya ce 29.

Anti Bilki: Ai na sani. Tsohon bugu ne aka yi wa sabon bango. Sun kai 29 a 2014 da aka yanki Telangana, amma a 2019 aka sauke Jammu da Kashmir daga matsayin jiha, suka koma 28, ga kuma yankunan da ke ƙarƙashin gwamnatin tarayya kai tsaye, waɗanda tun 2020 suke 8. Irin littattafan nan sun taɓa ja min kunya a gaban ɗalibaina, tun daga ranar ban ƙara amincewa da wanda babu shekarar bugu a jikinsa ba.

Ni shawarata a fara da atlas, ko da tsoho ne na aro. Ki sa ta ɗora yatsa a kan Kano ta ja shi gabas ba tare da ta karkace ba. Za ta bi ta Injamena, ta ƙetare Sudan da Habasha da Jibuti, ta faɗa teku, ta fito a kudancin Indiya dab da Bangalor. Daga nan sai ki tambaye ta yaushe take jin suke damina. Kusan lokacinmu ne, Yuni zuwa Satumba, kuma iskar da ke kawo musu ruwa daga kudu maso yamma take tasowa kamar tamu, sai dai tasu ta tekun Indiya ce, tamu ta Atlantika. A Kerala take fara sauka wajen farkon Yuni. Idan ta gane wannan, sai ta haura arewa ta ga duwatsun Himalaya sun tokare kamar katanga, ta bi kogin Ganga da Brahmaputra da yatsa har inda suka haɗe a Bangaladash. Tarko biyu masu shirya gasa suke so a nan. Dutsen Everest ba a Indiya yake ba, yana kan iyakar Nefal da Sin. Mafi tsawo a Indiya shi ne Kanchenjunga, mita 8,586, na uku a duniya. Sannan kogin Indus da ƙasar ta samo sunanta daga gare shi, akasarinsa a Fakistan yake gudana.

Malam Habu: Sannu Bilkisu, kin sauke naki. Hajiya, a ɓangaren tarihi abin da na yi shekaru ina yi a aji shi zan ba ki, kuma kuɗinsa bai wuce na farin kwali ɗaya da maka biyu ba. A raba kwalin gida biyu, dama Indiya, hagu ƙasar Hausa, a manna shi a bangon ɗakinta. Duk shekarar da za ta rubuta a dama sai ta nemo mata abokiyar zama a hagu. Yaro ba ya mance abin da aka ɗaure masa da abin da ya riga ya sani.

Ga misali. Vasco da Gama ɗan Fotugal ya sauka Kalikut a 1498, a lokacin Muhammadu Rumfa yana kan gadon sarautar Kano, saura shekara guda mulkinsa ya ƙare. Sojojin kamfanin Turawan Ingila sun shiga Delhi a 1803, shekara ɗaya kafin hijirar Shehu zuwa Gudu. Ki ƙara ɗari cif a kan 1803, me kika samu? Shekarar da Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Turawa. Wanda ya fi ba ɗalibaina mamaki kuwa shi ne Gwamna Lugga. A Indiya aka haife shi, a Madras da yanzu ake kira Chennai, cikin 1858, wato shekarar da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannun kamfanin bayan boren 1857. Mulki ta hannun sarakuna da muke koya wa yara da sunan En'e, Turawa sun daɗe suna yin irinsa a can, inda suka bar masarautu sama da 500 da sarakunansu, an ajiye wa manya daga cikinsu Baturen da ke sa ido.

Maman Ummi: Ikon Allah. Ni kaina ban taɓa jin wannan na Lugga ba, Malam.

Malam Habu: Ai ba ke kaɗai ba. Sauran turakun da za ta kafa a dama kaɗan ne. Sarki Ashoka da yaƙin Kalinga tun kafin haihuwar Annabi Isa, wanda yawan jinin da aka zubar ya sa ya rungumi addinin Buddha. Da'irar nan mai sanduna 24 da ke tsakiyar tutarsu tasa ce. Sai Babur da ya ci Ibrahim Lodi a Panipat a 1526 ya kafa daular Mughal. Akbar jikansa ne. Shah Jahan ya fara gina Taj Mahal a Agra a 1632 saboda matarsa Mumtaz da ta rasu a 1631. Yaƙin Plassey 1757. Tattakin gishiri na Gandhi 1930. 'Yanci 15 ga Agusta 1947, tare da ɓallewar Fakistan. Jamhuriya 26 ga Janairu 1950, kuma Ambedkar ne ya shugabanci kwamitin rubuta tsarin mulki, ba Nehru ba. Nan yara suke yawan zamewa.

Yaya Rabi: Allah ya gafarta Malam, ba musu nake ba, amma gasa fa ake magana, ba jarrabawar digiri ba. Daƙiƙa goma ake ba yaro. Nawa ɗan da ya je irinta bara, waɗanda suka cinye su hadda kawai suka sha. Mako uku ba zai isa a zauna ana neman wa kowace shekara kishiya ba. Ni dai a samo mata tsofaffin tambayoyin gasar daga wajen malaminsu, a riƙa yi mata da agogo bayan Isha.

Malam Habu: Rabi, ai yanzu ma kin ga na jero shekaru. Ban hana hadda ba. Amma uwar yarinya ta ce da aka juya tambaya ta tsaya cak, to wannan ciwon agogo ba ya maganinsa.

Yaya Rabi: To a haɗa. Kwali da rana, agogo da dare.

Ustaz Nura: Salamu alaikum, yanzu na shigo na tarar an yi nisa. A adabi akwai abin da yake cikin gidajenmu ba mu san ɗan Indiya ba ne. Kalila wa Dimna da muka karanta a makarantar Arabiyya, asalinsa tatsuniyoyin Panchatantra ne na harshen Sanskrit. An fara juya shi zuwa tsohon Farisanci, sannan Ibn Muƙaffa ya mai da shi Larabci a ƙarni na 8. Kalila da Dimna ɗin diloli ne guda biyu a fadar zaki, kun ga ba a wurinmu kaɗai dila yake malamin daji ba. Ina da kwafi, a aiko a karɓa, amma a dawo min da shi don Allah, na bara da na ba da aro har yau shiru. Sai kuma ta san Albiruni, wanda ya koyi Sanskrit ya rubuta littafinsa a kan Indiya wajen 1030, da Ibn Baɗuɗa da ya yi alƙalanci a Delhi zamanin Sultan Muhammad bin Tughluƙ.

Isufu Damagaram: Ustaz ka taɓo namu. Shi wannan Ibn Baɗuɗa da ya zauna Delhi, a 1353 ya biyo ta Takadda a nan ƙasar Agadas yana dawowa daga Mali, har ya ba da labarin tagullar wurin. A rubuta wannan a gefen hagu na kwalin Malam, kada a ce Nijar ba ta kawo komai ba.

Anti Bilki: An karɓa, Isufu. A ƙara mata Tagore: Nobel ta adabi 1913, shi ne na farko da ba Bature ba, namu Wole Soyinka sai 1986. Da harshen Bengali yake rubutu, kuma waƙoƙinsa ne taken ƙasa a Indiya da Bangaladash duka biyun. Mahabharata da Ramayana, manyan waƙoƙin labarinsu na dauri, ta san sunansu da cewa da Sanskrit aka tsara su, ya wadatar.

Ɗanliti: Wai duk ba Indiyanci ba ne?

Injiniya Sadiƙ: Ɗanliti, irin tunaninka na tafi da shi Bangalor karatu. Ranar da na sauka na tare mai a-daidaita-sahu, na zuba masa 'yan kalmomin da na tsinta a fim ina jin kaina. Mutumin ya dube ni sama da ƙasa ya amsa da wani yare da ban taɓa ji ba. Ashe Kannada suke yi a jihar. Babu wani harshe mai suna Indiyanci. Abin da muke ji a yawancin finafinai Hindi ne, kuma tsarin mulkinsu ya lissafa harsuna 22. Akwai takardar rupi ɗaya da ta rage a jakata, a bayanta an rubuta adadin kuɗin da harsuna 15 a jere cikin ɗan akwati, ban da Hindi da Turanci. Zan ɗauki hotonta in turo, Ummi ta ƙirga da idonta.

Kimiyya kuma, Anti, a fara mata da sifiri. Brahmagupta ne ya rubuta ƙa'idojin lissafi da shi a 628. Larabawa suka ɗauki lambobin Indiya, Alkhawarizmi ya yi littafi a kansu, kalmar da muke cewa sifiri ma daga Larabci ta zo mana, su kuma fassara suka yi daga kalmar Indiyawa mai ma'anar wofi. C. V. Raman ya ci Nobel ta fiziks a 1930 kan yadda haske ke sauyawa idan ya ratsa abu, kuma ranar da ya gano abin, 28 ga Fabrairu, ita ce ranar kimiyya a ƙasar. Tauraron ɗan'adam ɗinsu na farko sunansa Aryabhata, 1975, Tarayyar Sobiyet ce ta harba musu. Na kwanan nan da nake kyautata zaton zai fito: Chandrayaan-3 ya sauka kusa da ƙuryar kudu ta wata ran 23 ga Agusta 2023, suka zama ƙasa ta huɗu da ta sauke na'ura lafiya a can, bayan Sobiyet da Amurka da Sin.

Ga aikin gida na Ramanujan, masanin lissafi ɗan Indiya. Ta ninka 12 sau 12 sau 12 ta ƙara 1. Sannan ta ninka 9 sau 9 sau 9, ta haɗa da 10 sau 10 sau 10. Kada ki gaya mata komai, ki bar ta ta ga abin da zai fito.

Ɗanliti: Duk kun mance babbar tambaya. Wace shekara Indiya ta ci Najeriya 99 da 1, ƙwallo tana rikiɗa tana zama zaki?

Malam Habu: Ba a taɓa buga wasan nan ba sai a bakin masu shayi. Idan alaƙar gaskiya kake so, ka tambayi tsofaffi labarin yaƙin Bama, wato ƙasar Myanmar ta yanzu. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojan Afirka ta Yamma ta Indiya suka bi kafin su shiga dajin Bama a yaƙin duniya na biyu, kuma Hausa ce harshen bariki a wurin da yawansu. Ƙanin kakana yana ciki. Ya dawo da akwatin ƙarfe da wata doguwar adda, har ya rasu idan ruwa ya kwana yana zuba sai ya ce wannan ai yayyafi ne, ba mu ga ruwan Bama ba. Makarantar horon hafsoshi ta Kaduna ma da aka buɗe a 1964, kwamandanta na farko ɗan Indiya ne.

Ɗanliti: Malam ka rusa min ƙuruciya da dare ɗaya.

Maman Ummi: Allah ya saka wa kowa da alheri. An manna kwali, babansu ya aro atlas a wurin maƙwabci, gobe Abba zai zo karɓar littafin Ustaz bayan La'asar. Injiniya, ta yi lissafinka, duka biyun 1729 suka ba ta, ta zo tana tsalle wai yaya aka yi haka. Kuma tana tambaya, yanzu ƙarfe tara da rabi a nan, ƙarfe nawa ne a Delhi?

Injiniya Sadiƙ: Ƙarfe biyu na dare. Awa huɗu da rabi suke gabanmu, kuma duk faɗin ƙasar agogo ɗaya suke bi. Ta rubuta rabin nan da jan maka, shi ake mancewa.

Ustaz Nura: A gaya wa Abba ya zo da leda, bangon littafin ya fara sakin jiki.